Ba Yanka, Amma Akwai Rauni: Matsalolin da Ke Biyo Bayan Fasa Tsakuwar Ƙoda da Bugun Igiya

Tsakure

Shekaru fiye da arba'in ke nan ana fasa tsakuwar ƙoda daga wajen jiki da bugun igiyar sauti mai ƙarfi, ba tare da an sa wa majiyyaci wuƙa ba. Wannan maƙala ta duba manyan matsalolin da ke biyo bayan aikin, wato zubar jini a ƙoda, toshewar bututun fitsari, bazuwar ƙwayoyin cuta, da ragowar ɓarɓashi mai sake zama tsakuwa. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, mafi yawan waɗannan matsaloli suna da tushe a shawarwari uku da ke hannun likita: wa za a ɗora a kan na'urar, yaya za a yi bugun, da yadda za a bibiyi majiyyaci bayan ya koma gida. Don haka ya kamata a ba aikin irin kulawar da ake bai wa kowace tiyata.

1.0 Gabatarwa

Ranar 7 ga Fabrairu 1980, a asibitin Grosshadern na birnin Munik a ƙasar Jamus, Christian Chaussy da abokan aikinsa suka fasa tsakuwar ƙodar wani majiyyaci da na'urar HM1, wadda kamfanin Dornier mai ƙera jiragen sama ya haɗa. A 1983 aka fito da HM3, inda ake kwantar da mutum cikin kwamin ruwa bayan an sa shi barci ko an kashe masa rabin jiki, sannan a 1984 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita. Kafin wannan lokaci, mai babbar tsakuwa galibi ba shi da zaɓi sai a tsaga masa kwiɓi, ya yi kwanaki a gadon asibiti, ya shafe makonni bai koma bakin aiki ba. Ba abin mamaki ba ne da duniya ta rungumi sabuwar hanyar hannu bibiyu. Sai dai murnar ta zo da wata fahimta wadda har yanzu ba ta gushe ba, a tsakanin majiyyata da ma wasu ma'aikatan lafiya: tunda ba a ga jini a tebur ba, ba kuma ɗinki a fata, to jiki bai ji komai ba. Wannan fahimta ce ke sa a ɗora wanda bai dace ba a kan na'urar, a yi bugun cikin gaggawa, a sallami mutum ba tare da an gaya masa alamomin da za su sa ya dawo da gudu ba.

2.0 Abin da bugun ke yi wa tsakuwa shi yake yi wa nama

Kowace irin na'ura ce, mai tartsatsin lantarki cikin ruwa, ko mai maganaɗisu, ko mai ƙananan duwatsun kiristal, manufarta ɗaya ce: ta haifar da igiya mai matuƙar ƙarfi a waje, ta tattara ƙarfin a wani ɗan wuri cikin jiki inda tsakuwar take. A zama guda ana yin bugu dubu biyu zuwa dubu huɗu. Kowane bugu yana zuwa da matsi mai tsanani, sannan ja ya biyo baya nan take. Matsin yana tsattsaga tsakuwar, jan kuma yana haifar da ƙananan kumfa a cikin ruwan da ke kewaye da ita, waɗanda ke kumbura su fashe da ƙarfi suna ɓantarar jikinta. Matsalar ita ce kumfan nan ba ya bambance tsakuwa da jijiya. Idan ya tashi cikin wata siririyar jijiyar jini, bangonta yake fasawa. Jinin da ya taru a wurin kuma ya zama sabon tafkin da wani kumfan zai tashi a ciki a bugu na gaba. Ƙari a kan haka, ƙoda tana hawa da sauka tare da numfashi, don haka kaso mai yawa na bugun yana sauka ne a kan nama lokacin da tsakuwar ta goce daga saiti.

Masu bincike a Jami'ar Indiana, musamman Andrew Evan da James McAteer da Lynn Willis tare da likitan tiyata James Lingeman, sun shafe shekaru suna gwada wannan a kan ƙodar alade saboda kamanninta da ta ɗan Adam. Sun nuna cewa adadin bugun da ake yi wa mutane yana barin sawun zubar jini wanda kan ratsa daga fatar ƙoda zuwa can cikinta, cewa wurin yana iya warkewa da tabo, kuma girman raunin yana ƙaruwa da yawan bugu, da ƙarfinsa, da saurinsa. Jan fitsarin da kusan kowane majiyyaci ke yi na kwana ɗaya ko biyu shaida ce ta wannan rauni, ko da yake yakan wuce da kansa. Darasin a nan shi ne raunin yana da ma'auni, kuma duk abin da ke da ma'auni ana iya rage shi.

3.0 Matsaloli huɗu da tushensu

Ta farko ita ce taruwar jini a ƙarƙashin fatar ƙoda ko kewaye da ita. Alƙaluman da jagororin ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai suka kawo a baya sun nuna cewa wadda ke bayyana da alamomi ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma idan aka ɗauki hoton kowa bayan aiki, ana ganin ta a kashi 4 zuwa 19 cikin 100. Wa ya fi shiga haɗari? Tun 1988 Knapp da abokan aikinsa a Indianapolis suka ba da amsa daga aiki 3,620: taruwar jinin ta faru a kashi 0.66 cikin 100 gaba ɗaya, ta haura zuwa 2.5 a masu hawan jini, ta kai 3.8 ga waɗanda hawan jininsu bai daidaita ba. Tsufa da shan magungunan tsinka jini irin su asfirin da wafarin suna ƙara haɗarin. Mafi yawan irin wannan jini jiki kan shanye shi cikin makonni ko watanni, amma akwai masu buƙatar ƙarin jini, ko a toshe jijiyar da ta fashe, ko ma a cire ƙodar a lokuta ƙalilan. Ya kamata a lura cewa duk abubuwan da ke ƙara haɗarin ana iya gano su da ma'aunin hawan jini da 'yan tambayoyi kafin a kunna na'ura.

Ta biyu ita ce toshewar bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Na'urar farfasa tsakuwa kawai take yi. Fitar da ɓarɓashin aikin jiki ne. Idan ɓarɓashin ya yi yawa, sai ya sauko lokaci guda ya cushe. A hoton ciki akan ga fararen gutsattsari sun yi jerin gwano a ƙasan bututun, sau da yawa da wani babban gutsure a gaba ya tokare hanya, na bayansa sun taru a kansa, ƙodar da ke sama kuma ta kumbura da fitsari. Likitoci suna kiran wannan Steinstrasse, kuma yana faruwa a kashi 4 zuwa 7 cikin 100. Babban abin da ke haddasa shi girman tsakuwa ne, shi ya sa jagororin yanzu ba sa sanya bugun igiya a sahun farko ga tsakuwar da ta wuce santimita 2. Abin tsoro shi ne wani lokaci toshewar ba ta ciwo. Mutum yana gida yana ganin ya warke, alhali ƙodarsa tana lalacewa a hankali. Sanya ɗan siririn bututun roba kafin aiki yana rage yawan toshewar, amma ba ya ƙara yawan waɗanda tsakuwarsu ke fita gaba ɗaya, kuma shi kansa yana jawo yawan fitsari da zafi.

Ta uku ita ce bazuwar ƙwayoyin cuta, wadda ta fi sauran saurin kisa. Akwai tsakuwar da ƙwayoyin cuta ne suka gina ta kuma suna zaune a cikinta, musamman mai rassa wadda ke cika cikin ƙoda. Fasa irin wannan tsakuwa yana sakin ƙwayoyin a daidai lokacin da ƙananan jijiyoyi suka fashe, don haka hanyar shiga jini a buɗe take. Idan toshewa ta haɗu da wannan, sai zazzaɓi da rawar ɗari da faɗuwar jini su biyo baya cikin sa'o'i. A baya jagororin Turai sun sanya shigar cuta cikin jini a kashi 1 zuwa 2.7 cikin 100. Ba su ce a bai wa kowa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Abin da suka nema shi ne a gwada fitsari kafin aiki, a magance cutar da aka gani, a kuma ba da kariya ga masu tsakuwar cuta da masu bututun roba a jiki.

Ta huɗu ba a cika lissafa ta cikin matsaloli ba, domin ba ta bayyana da wuri. An daɗe ana ɗaukar gutsuren da bai wuce milimita 4 ba a matsayin wanda ba shi da illa, har ana rubuta aikin a jerin waɗanda suka yi nasara. A 1996 Stevan Streem da abokan aikinsa a Cleveland Clinic suka bibiyi majiyyata 160 masu irin wannan ragowa, suka gano cewa kusan kashi 43 cikin 100 sun sake fama da ciwo ko sun buƙaci wani aikin, a matsakaicin lokaci na watanni 26. Ragowar ta fi zama a lungun ƙasa na ƙoda, inda sai ɓarɓashi ya hau sama kafin ya fita. A gwajin da Albala da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 kan tsakuwar wannan lungu, kashi 37 cikin 100 ne kawai suka rabu da tsakuwa gaba ɗaya bayan bugun igiya, alhali huda ƙoda ta baya don ciro tsakuwar ya kai kashi 95. Haka kuma tsakuwar sistin, da burushait, da nau'in kalsiyam okzalet mai tauri ba sa fashewa da sauƙi. Hoton CT yana iya faɗakarwa tun da wuri: idan taurin tsakuwa ya haura 1,000 a ma'aunin Hounsfield, ko nisanta daga fata ya wuce santimita 10, damar nasara tana raguwa. Wanda aka yi wa bugu dubu uku a kan tsakuwar da tun farko ba za ta fashe ba ya kwashi raunin duka, bai sami amfanin komai ba.

4.0 Hannun mai aiki

Bayan zaɓen majiyyaci sai yadda ake bugun, kuma a nan hujjoji sun fi ƙarfi. Kenneth Pace da abokan aikinsa a Toronto ta ƙasar Kanada sun wallafa wani gwaji a 2005 inda suka raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka yi wa bugu 60 a minti ɗaya sun sami nasara kusan kashi 75 cikin 100, waɗanda aka yi wa 120 kuma kusan kashi 61. Dalilin shi ne idan bugu ya bi bugu da sauri, kumfan na farko bai gama bajewa ba, sai ya tare wani ɓangare na ƙarfin na biyu. Gwajin Indiana a kan alade ya nuna cewa jinkirin yana rage raunin nama ma. A can ne kuma aka gano cewa idan aka fara da bugu marar ƙarfi, ko aka ɗan dakata na mintuna uku zuwa huɗu bayan bugun farko-farko, jijiyoyin ƙoda suna tsukewa, raunin ya ragu ƙwarai. A 2016 wani gwaji a birnin Bern na Suwizalan, kan majiyyata 418, ya tabbatar da wannan a jikin mutane: taruwar jini ta kasance kashi 5.6 cikin 100 ga waɗanda aka ƙara wa ƙarfi daki-daki, da kashi 13 ga waɗanda aka buga wa da ƙarfi ɗaya tun daga farko.

Akwai kuma wani abu da ido kan raina. Na'urorin yanzu ba su da kwamin ruwa. Matashin roba mai ruwa a ciki ake mannawa a bayan majiyyaci, da jel a tsakani. Igiyar ba ta ratsa iska. Idan aka shafa jel ɗin da hannu ana murzawa, ko majiyyaci ya motsa saboda zafi aka sake manna matashin, ƙananan ƙwayoyin iska suna maƙalewa tsakanin roba da fata, kowace ta zama katanga. Pishchalnikov da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa iskar da ta rufe kashi 2 cikin 100 kacal na wurin haɗuwar tana rage fashewar tsakuwa da kashi 20 zuwa 40. Mai aikin da bai lura da wannan ba zai ga tsakuwa ta ƙi fashewa, sai ya ƙara ƙarfi da yawan bugu, ko ya sa a dawo zama na biyu. Gyaran ba ya cin kuɗi: a zuba jel mai yawa a dunƙule a tsakiyar matashin, a bar nauyin jiki ya baje shi, a ba da isasshen maganin kashe zafi don mutum ya natsu, a kuma riƙa duba saiti a kai a kai.

5.0 Amsa ga masu ja

Wani zai ce: munanan matsalolin ba su da yawa, me ya sa za a tayar da hankalin majiyyata? Gaskiya ne ba su da yawa, kuma bugun igiya yana nan a matsayin hanya mafi sauƙi ga jiki. Amma ƙarancin da ake gani a matsakaicin lissafi yana ɓoye wasu rukunoni. Alƙaluman Knapp sun nuna haɗarin mai hawan jinin da bai daidaita ba ya ninka na jimilla fiye da sau biyar. Likita kuwa mutum ɗaya ne a gabansa, da shekarunsa da magungunansa, kuma shi ya kamata a yi wa lissafi.

Wani kuma zai ɗauki ɗaya gefen ya ce: tunda haka ne, a ajiye na'urar, a koma zura madubi ta mafitsara ana fasa tsakuwa da leza. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, kuma a ƙasashe da dama aikin madubi ya riga ya wuce bugun igiya yawa. Sai dai shi ma da nasa: yakan buƙaci sa barci, yana iya raunata bututun fitsari har ya tsuke daga baya, ana samun shigar cuta cikin jini, kuma sau da yawa akan bar bututun roba da sai an dawo an cire. Huda ƙoda ta baya ya fi su duka share tsakuwa, amma a babban nazarin ƙasa da ƙasa na majiyyata fiye da 5,800 kusan kashi 6 cikin 100 sun buƙaci ƙarin jini, kusan kashi 10 kuma sun yi zazzaɓi. Gwajin TISU na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2021 kan tsakuwar bututun fitsari, ya nuna kusan kashi 22 cikin 100 na waɗanda aka fara musu da bugun igiya sun buƙaci ƙarin aiki, a kan kusan kashi 10 na madubi. Wato kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka fara musu da bugun igiya sun rabu da matsalarsu ba tare da ƙarin aiki ba. Hanyar da ke yin haka ba ta cancanci a jefar da ita ba. Ta cancanci a yi ta ga wanda ta dace da shi.

Masu kula da kuɗin asibiti kuma za su ce jinkirin yana cin lokaci. Lissafin a fili yake: bugu 3,000 a kan 120 a minti ɗaya minti 25 ne, a kan 60 kuma minti 50. Amma idan aka sanya zama na biyu, da kwanciyar gaggawa, da aikin madubi don buɗe toshewa a ɗaya gefen sikeli, ƙarin minti 25 ɗin ya fi araha. Jagororin Turai sun tsaya a kan bugu 60 zuwa 90 a minti ɗaya.

Saura batun illa ta dogon lokaci. A 2006 Amy Krambeck da abokan aikinta a Mayo Clinic suka ba da rahoton ƙarin hawan jini da ciwon suga a majiyyatan da aka yi wa aiki da HM3 shekaru 19 baya. Rahoton ya tayar da ƙura, amma nazarin da aka yi daga baya a kan al'ummar gundumar Olmsted, inda asibitin yake, bai sami alaƙa da ciwon suga ba. Abin da ke dagula lissafin shi ne masu tsakuwar ƙoda da ma can sun fi sauran jama'a kamuwa da waɗannan cututtuka biyu, ko an yi musu aiki ko ba a yi ba. Ba daidai ba ne a tsorata majiyyaci da abin da bai tabbata ba. Amma tunda an san bugun yana barin tabo gwargwadon yawansa, hankali ya nuna a taƙaita shi, musamman ga yara, da mai ƙoda ɗaya, da wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni.

6.0 Abin lura ga likitocin yankinmu

Zafi da bushewar iska na arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna sa fitsari ya yi kauri, abin da ke taimaka wa tsakuwa ta ƙullu, kuma akwai dalilai uku da suka sa wannan hujja ta fi nauyi a nan. Na farko, mutane da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba, wasu kuma suna sayen asfirin da magungunan ciwon jiki a kemis ba su ɗauke su a matsayin abin da za a gaya wa likita ba. Sai an tambaya da suna. Na biyu, tsargiya ta zama ruwan dare a yankunan noman rani da bakin kogi, kuma tana iya barin tabo da tsukewa a ƙasan bututun fitsari shekaru bayan an manta da ita. Toshewa a ƙasa da tsakuwa tana cikin abubuwan da ke hana yin bugun igiya, tare da juna biyu, da matsalar daskarewar jini, da cutar fitsarin da ba a magance ba, da kumburin babbar jijiya kusa da wurin. Na uku, nisa. Wanda aka yi wa aiki a babban birni, ko a Masar ko Indiya, ya kama hanyar gida washegari, zai iya samun toshewa a inda babu mai iya sa masa bututu. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin aiki ya kamata a san asibitin da zai je idan abu ya taso, a rubuta masa abin da aka yi, a gaya masa da harshen da yake ji cewa zazzaɓi, ko ciwon kwiɓi mai ƙaruwa, ko jiri, ko ɗaukewar fitsari ba abin jira ba ne.

7.0 Kammalawa

Hujjojin da aka kawo sun nuna cewa kowace daga cikin matsalolin huɗu tana da inda za a tare ta. Zubar jini ana rage shi da daidaita hawan jini, da dakatar da magungunan tsinka jini bisa shawarar likita, da fara bugu a hankali. Toshewa da ragowar ɓarɓashi ana rage su da duba girman tsakuwa, da taurinta, da mazauninta kafin a yanke shawara. Bazuwar cuta ana tare ta da gwajin fitsari. Maƙalar tana ba da shawarar kowace cibiya mai na'urar ta riƙe rubutaccen tsarin tantance majiyyata, ta tsayar da sauri da matakan ƙarfin bugu, ta horar da masu aikin na dindindin, ta ɗauki hoton kowane majiyyaci cikin 'yan makonni bayan aiki, ta kuma tura ɓarɓashin da ya tace daga fitsarinsa a gwada nau'insa don hana tsakuwar dawowa. Sannan cibiyoyin su riƙa tattara alƙaluman matsalolinsu suna wallafawa, domin a auna nasara da yawan waɗanda suka rabu da tsakuwa lafiya, a daina auna ta da yawan waɗanda aka ɗora a kan na'ura.